Ciyawa a Bayan Farantin Ƙarfe

Wata goma sha ɗaya Gaolatlhe ya yi yana haɗa motar nan a tsakar gidansa a Hukuntsi, kuma a cikin watannin nan babu ranar da ubansa bai kushe ta ba. Da safe za a turo tsoho Kebalepile a keken guragu, a ajiye shi gindin bishiya, a rufa masa bargo a cinya, shi ke nan aiki ya samu. Hannunsa bai taɓa sifana ba, amma bakin nan ba ya hutawa.

"Wannan mota ce ko hasumiyar tankin ruwa?" haka zai ce. "Ka ɗaga ta sama haka, da tsani zan hau?"

"Yashi ne, Rra," Gaolatlhe zai amsa, wato Baba a harshensu. "In cikinta ya taɓa ƙasa mun kwana a hanya."

"Ni za ka gaya wa yashi? Ina tuƙa shanu a yashin nan uwarka ba ta ma san da ni ba."

Gaskiyarsa ce kuwa. Shekara talatin tsohon ya yi yana jan babbar motar shanu a hamadar Kgalagadi tun kafin a shimfiɗa kwalta. Abin da ya kwantar da shi doki ne. Shekara biyu da suka wuce doki ya zuba ƙafa a ramin dabba ya yar da shi, ƙashin baya ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu murus. Ba ya motsa ƙafa, ba ya kuma jin komai a cikinta. A sanyin bara an zaunar da shi kusa da wuta, ƙwaurinsa ya ƙone har ya tashi bororo yana nan yana ba da labari yana dariya. Wata uku ciwon ya yi kafin ya rufe, likita kuwa ta ce in aka sake irin wannan, sai dai a yanke ƙafar, in ma jikin ya ɗauka. Tun daga ranar Segomotso, matar Gaolatlhe, take cire wa surukinta safa kowace yamma tana duba ƙafafun yatsa bayan yatsa.

Tun faɗuwar nan tsohon bai sake ganin shanunsa ba. Rugarsu na can ciki, tafiyar kilomita sittin da wani abu, rabin hanyar yashi ne zalla. Motocin da ke zuwa can mutum a baya yake zama bisa buhuna, ga jijjiga, wadda bayan tsohon ba zai ɗauka ba. Sai dai makiyayi ya zo ƙarshen wata ya ba shi labari: wance ta haihu, wance ta yi ɗingishi. Tsohon ya saurara ya kau da kai. Gaolatlhe ya ga kau da kan nan sau ɗaya, sau biyu, na uku ya je ya jawo wata tsohuwar akori-kura mai shan fetur daga bayan gidan wani, ya ce shi zai kai ubansa.

Aikinsa gyaran injin rijiyoyin burtsatse ne, saboda haka ƙarfe da walda ba baƙinsa ba ne. Ya ƙara wa sifirin ganye biyu-biyu, ya sa manyan tayoyi, ya lanƙwasa bututun rijiya ya yi mata ƙarfen kariya a gaba. Ya samo kujerar wata bas da ta yi haɗari ya kafa a gefen fasinja, wato ta hagu, don a ƙasar direba a dama yake zama, ya yi mata maɗauri huɗu da ke haɗuwa a ƙirji, don kada tsohon ya riƙa zamewa. Ya ɗaura raga a gaban lagireto saboda 'ya'yan ciyawa. Ya ƙera tankin mai na biyu ya rataya a ƙarƙashi ta dama, da wuri ya yi ƙaranci sai ya karkatar da salansa ta bi ta hagu. Shimfiɗar ƙasan motar ta ruɓe, ya ɓanɓare ta ya zubar, ya ɗora tabarmar roba a kan ƙarfen.

Sai faranti. Daga jikin wani tsohon tankin ruwa ya yanko shi, ƙarfe mai kauri, ya rufe cikin motar daga ƙarƙashin inji har tsakiya, don kututture da duwatsu. Da noti takwas ya fara ɗaure shi. Ranar gwaji ya hau burjin Lehututu, gargada ta warware notin ɗaya bayan ɗaya, farantin ya faɗi bai ma sani ba. Washegari wata tsohuwa ta kawo masa shi a keken jakuna, ta tsaya a ƙofar gida tana tambaya da ƙarfi ko nan ne gidan mai motar da ke zubar da kayan cikinta. Unguwa ta yi sati tana dariya. Gaolatlhe mutum ne mai haƙuri da komai ban da dariyar mutane. Ranar nan ya shiga ƙarƙashin motar da injin walda, ya liƙe farantin da shasi ta ko'ina, ya fito yana huci.

"Yanzu kuma ya faɗi in gani."

Tsohon ya sa aka turo kekensa kusa, ya sunkuya iya yadda bayansa ya bari, ya daɗe yana leƙe.

"Ta ina ƙugiya za ta shiga?"

Duk wanda ya yi tuƙi a yashin nan yana da ƙugiyarsa, doguwar waya mai lanƙwasa a kai. Bayan damina ciyawa kan tsaya tsakanin sawun tayoyin nan biyu, mota na tafe tana aske ta, ita kuma tana cusuwa a kowane lungu na ƙarƙashi. Direban kirki kan tsaya lokaci-lokaci, ya kwanta ya zaƙulo ta kafin salansa ta kunna mata wuta. Tsohon ya sha ba da labarin motocin da ya wuce a hanya, ƙarfe baƙi ƙirin, tayoyi sun zama zoben waya.

"Ba ta buƙatar ƙugiya, Rra. Na rufe ko'ina, ciyawa ba ta da hanya."

"Ciyawa ba ta da hanya," tsohon ya maimaita. "To, injiniya."

Bai ƙara ba. Shirun nan ya fi damun Gaolatlhe a kan surutun wata goma sha ɗaya, amma bai koma ƙarƙashin motar ba.

Ranar tafiya Asabar ce cikin watan Mayu, lokacin da damina ta wuce a ƙasar, da sassafe. Damina ta yi kyau a shekarar, ciyawa ta yi tsayi ta bushe ƙayau. Mutum uku ne suka ɗora tsohon: Gaolatlhe daga ciki yana ja, Segomotso da wani maƙwabci daga ƙasa suna turawa, don kujerar a daidai ƙirjin mutum take. Tsohon ya sa kwat ɗinsa ta coci da hular malafa, da baƙaƙen takalmansa masu ƙasan roba waɗanda ba su taka ƙasa ba shekara biyu. Ƙugiyarsa tana hannu, tsohuwar waya mai tsatsa, ya ce ko ba ta da amfani zai riƙa zungurin direba da ita.

Segomotso ta daidaita masa ƙafafun a kan tabarmar, ta rufe su da bargo, ta zagayo wajen mijinta, ta kira shi da sunan ɗan farinsu kamar yadda ta saba.

"Rra-Tshenolo, ka riƙa duba ƙafafunsa. Ka ji ko? Shi ba zai gaya maka ba."

"Na ji."

"Ba ka ji ba, motarka kake kallo."

"Na ce na ji, Mma."

Tafiyar ta fara da daɗi, ba a musu. Da suka bar burji Gaolatlhe ya rage iskar tayoyi, ya sa giyar da ƙafa huɗu ke ja, motar ta shiga yashi tana tafiya sumul. Ciyawa ta kai bakin tagar, rawaya, ba iyaka. Ana jin ta tana goge farantin a ƙasa, shuu, shuu, ba yankewa. Tsohon sai nuna wurare yake da ƙugiya: nan zaki ya kwana a ƙarƙashin motarsa, can wani abokinsa ya sha ruwan lagireto. Har waƙa ya yi. Gaolatlhe ya ji daɗi ya kama shi har wuya, rabon da ya ji muryar nan haka tun kafin dokin.

Wajen hantsi suka kai rijiyar ƙungiyar makiyaya, wadda ke rabin hanya. Shanu sun tattake wurin sun mai da shi fili, ba ko tsinke. Akwai mutane a wurin, akwai ruwa a kwamin shayar da shanu, har da injin yankan ƙarfe a rumfar mai kula da rijiyar. Mutane suka taho gaida tsohon ta taga, aka miƙo masa madila, kindirmonsu mai tsami, a kofi ya sha ya goge baki. Gaolatlhe ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Farantin na nan daram, ciyawa ta goge shi yana ƙyalli, ba ko zare ɗaya a maƙale. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Ka gani, Rra? Tas."

Tsohon ya ɗan ɗaga haɓa, yana kallon gaba, kofin a hannunsa.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Mu tafi, rana na yi."

Sun yi kamar kilomita goma sha biyar daga rijiyar lokacin da Gaolatlhe ya ji warin. Da farko ya ɗauka wani ne ya ƙona saura can nesa. Ya duba dama da hagu, sama garau, ba hayaƙi ko'ina. Ya rufe tagarsa don ya gani, sai warin ya ƙaru. Ƙauri ne irin na bukkar ciyawa da aka yi girki a ciki. Nan take ya tuna da abin da ya sani tun ranar waldar ya ƙi kallonsa: a bakin farantin ta gaba akwai 'yar tazara kamar yatsu biyu, inda ya bari don ƙarfen sitiyari ya samu wurin motsi. Ta nan ciyawa za ta shiga. Ta baya kuwa ya liƙe tsaf. Tun safe motar tana cusa ciyawa a aljihun ƙarfe, salansa kuma a ciki take.

Ƙafarsa ta tafi birki.

"Kada ka tsaya," in ji tsohon. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ta rawa.

"Rra, wuta ce."

"Na sani. Duba waje."

Ya duba. Ciyawa ta dama, ciyawa ta hagu, tana shafar ƙofofin.

"In ka tsaya, harshen zai leƙo ta gefe ya kama wannan. Kai kaɗai ma ba za ka tsere mata ba, balle kana ɗauke da ni. Fakon gishirin nan da ba ya da ciyawa, kilomita nawa ya rage mu kai shi?"

"Shida. Ko bakwai."

"To tuƙa. Giya ta uku, kada ka matsa mata, kada kuma ka sake ta."

Gaolatlhe ya tuƙa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, har yana jin fitsari. Kansa sai lissafi yake, ba don yana so ba. Tiyon da ya haɗa tankunan nan biyu na roba ne, shi ya ja shi da hannunsa ya ɗaure da waya, kuma tsakaninsa da salansa bai fi taƙi ɗaya ba. Fetur lita ɗari da ashirin. Tukunyar kashe wuta tana bayan kujera, amma ta ina zai fesa? Shi da kansa ya toshe duk hanyar. Sai kujerar nan da ya yi alfahari da ita, mai maɗauri huɗu, wadda mutum uku suka haɗu kafin su ɗora tsohon a kanta. Yanzu shi kaɗai ne.

Ya kalli madubi. Wani siririn hayaƙi fari yana fitowa daga ƙarƙashin bodin yana bin su.

"Kalli hanya," in ji tsohon. "Madubi ba zai kashe maka ita ba."

"In na ƙara gudu fa?"

"Ka hura mata iska ke nan. Kuma ka yi tsalle a kunyar yashin nan ka kafe. Haka dai, haka dai."

Ba a tafiya da sauri a yashi. Allurar tana kan talatin, wani lokaci ta sauko ashirin da biyar. Gaolatlhe yana kallon lambobin kilomita suna juyawa kamar masu jin barci. Ɗaya ya wuce. Hayaƙi ya fara shigowa ta ramin sandar giya, siriri, yana murɗawa. Ya buɗe tagogi duka. Tsohon ya yi tari, ya gyara hularsa.

Na biyu ya wuce, na uku ya wuce. Warin ya sauya. Ba ƙaurin ciyawa kaɗai ba yanzu, akwai na roba a ciki, mai ɗaci, mai kama maƙogwaro. Tiyon ne, Gaolatlhe ya ce a ransa. Tiyon ya fara narkewa. Ya fara addu'a, amma ban da sunan Allah ba abin da ke zuwa masa.

"Kwance maɗaurin nan, Rra. Tun yanzu."

Tsohon ya ajiye ƙugiyar a cinya ya kama ƙarfen da ke ƙirjinsa. Ya danna, ya ja. Nauyin jikinsa ya zame gaba ya ɗaure maɗaurin tamau.

"Ya ƙi."

"Danna tsakiyar."

"Na danna. Aikinka duk haka yake, in ka kulle abu sai ranar tashin ƙiyama."

Ya faɗa da sigar wasa, amma Gaolatlhe ya ga hannun yana karkarwa a kan ƙarfen. Bai taɓa ganin hannun ubansa ya yi rawa ba, ko ranar da aka kawo shi kwance a kan ƙyauren ƙofa. Wannan ya fi hayaƙin tsorata shi.

Kowane fako a ƙasar nan yana da tudun yashinsa ta kudu, kuma ta kudu suka fito. Da suka hango tudun, ja, da sawun taya biyu a jikinsa, tsohon ya ce, "Giya ta biyu tun daga ƙasa. Kada ka canja a tsakiya."

Ya sa ta biyu. Motar ta kama hawa tana nishi. Ta yi rabi, ta wuce rabi, sai ta fara nauyi. Ƙarfen gaba, faranti, tanki biyu cike, duk abin da ya ɗora mata cikin wata goma sha ɗaya ya taru yana jan ta baya. Saura kamar tsawon mota uku ta kai sama, tayoyin suka fara haƙa. Ba tare da ya yi shawara ba ƙafarsa ta danna totur har ƙasa.

"Sake ta," tsohon ya daka masa tsawa, ya kuma zungure shi da ƙugiyar a haƙarƙari. "Binne mu za ka yi? Koma baya."

Motar ta tsaya. Daƙiƙa biyu ne ko uku, amma da tsayawar iska hayaƙin ya taso ta gefen hagu, baƙi yanzu, ya rufe tagar tsohon. Ana jin ƙarar abu yana ci a ƙasa, ƙas-ƙas-ƙas. Gaolatlhe ya nemi giyar baya, hannunsa ya kuskure, ya sake nema, ta shiga. Suka gangara da baya cikin sawunsu, suka koma cikin ciyawar da suke gudu. Sai da ya ƙara ja da baya kamar taku ɗari, don ba yadda za a hau ba tare da an ɗauko gudu ba, kuma kowane taku ji yake kamar naman jikinsa ake yanka.

"Yanzu. Bi sawunka, ka riga ka danne shi. In ta fara nauyi ka riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan."

Ya ɗauko ta. Ta hau, ta wuce inda ta tsaya ɗazu, ta fara nauyi. Ya kaɗa sitiyari dama, hagu, dama. Inji yana kuka, shi ma wani sauti na fita daga bakinsa wanda bai san yana yi ba. Hancin motar ya ɗaga sama, ba ya ganin komai sai shuɗi, sannan ya sunkuya, ga fako a gabansu fari fat, shimfiɗe, ba ko ganye.

Bai tsaya a baki ba. Ya shiga ciki sosai har sai da ciyawar ta yi nisa, ya kashe inji, ya diro. Da ya zagayo hagu ya ga harshen wuta na leƙowa tsakanin faranti da bodi, daidai ƙarƙashin ƙofar ubansa. Hannun ƙofar ya ƙone shi, bai saki ba. Ya taka matakalar ya hau, wutar na lasar ƙwaurinsa. Ƙarfen maɗaurin ya ƙi. Ya zaro wuƙar aljihunsa ya yanka na kafaɗa ɗaya, ya yanka ɗayan, tsohon ya faɗo masa a ƙirji, ya yanka na ƙugu.

"Riƙe wuyana, Rra. Ko me ya faru kada ka saki."

Ya juya masa baya ya jawo shi. Ƙafafun suka ɗan turje kamar wani abu ya riƙe su a ƙasa, ya fizga, suka taho. Daga tsayin nan ba sauka ake yi ba, faɗuwa ce. Ya faɗi a kan gwiwoyinsa da tafin hannu, tsohon a bayansa, gishiri ya yanke shi. Ya miƙe. Ya yi gudu irin na mai goyon buhu, ƙafafun tsohon na jan ƙasa a bayansa, numfashinsa a kunnensa. Bai waiwaya ba sai da ƙirjinsa ya ƙi, ya durƙusa ya sauke shi a hankali.

Da ya juya da niyyar komawa ya ɗauko tukunyar kashe wuta, tsohon ya riƙe ƙafar wandonsa.

"Zauna."

Bai daɗe da zama ba tiyon ya fashe. Motar ba ta yi ƙara irin yadda ya zata ba, wani bup ne mai nauyi, sai wuta ta rufe motar daga tsakiya zuwa baya. Zafin ya iso fuskokinsu duk da nisan. Suka zauna suna kallo. Tayoyi suka kama, gilashi ya tarwatse, kujerar bas ɗin ta ci ta bar ƙarfe. Hayaƙi baƙi ya miƙe sama sak, don ba iska.

Tsohon ne ya fara magana. Ya jingina da kafaɗar ɗansa, hularsa ta ɓace, furfurarsa duk toka.

"Yaran ruga za su ga hayaƙin nan. Kilomita takwas ne, kafin azahar za ka ga keken jakuna." Ya yi tari, ya tofar. "Farantinka dai bai faɗi ba. Ya riƙe wutarsa bai zubar wa mutane a makiyaya ba. Wannan kam na ba ka."

Gaolatlhe bai iya dariya ba.

"Laifina ne, Rra. Ka gaya mini."

"Ba naka kaɗai ba." Tsohon yana kallon wutar. "Tun a rijiya na ji warin."

Gaolatlhe ya juyo ya dube shi.

"Kaɗan ne lokacin. Kai hancinka bai san shi ba, ni na san shi."

"A rijiya? Inda ga fili, ga ruwa, ga mutane?"

"Da na faɗa, da ka kwana biyu kana yanke farantin nan. Da matarka ta aiko an mai da ni gida. Daga nan sai a ce sanyi ya shigo, a bari sai bazara, a bari sai baɗi. Ni na san jikina, Gaolatlhe, ba ni da baɗi da yawa. Na ce a raina za ta kai mu." Ya ɗaga kafaɗa. "Na yi kuskuren lissafi da kilomita takwas."

Haushi ya taso wa Gaolatlhe har ya rasa ta inda zai fara. Yana so ya yi masa ihu, yana so ya rungume shi. Ya buɗe baki, sai warin robar nan ya sake dukan hancinsa. Motar tana can nesa, hayaƙinta sama yake tafiya. Wannan warin a kusa yake.

Sai a lokacin ya tuna da Segomotso.

Ya rarrafa zuwa ƙafafun. Takalmi ɗaya babu, ya tsaya can manne da tabarmar, shi ne abin da ya turje. Ɗayan yana nan, amma ƙasansa ya narke ya koma kamar kwalta, ya haɗe da safa, safar ta haɗe da abin da ke cikinta. Ƙafar da ba takalmi kuwa ya kalle ta sau ɗaya ya kau da ido. Salansar da ya karkatar ta hagu, ƙarfen da ya kware wa shimfiɗa, nan ƙafafun suke ajiye tun safe, a rufe da bargo. Ba tiyon ba ne yake ji tun kilomita uku.

Tsohon bai lura ba. Ya dogara da hannu ɗaya ya sa ɗayan a goshi, yana hangen ƙarshen fakon ta arewa, inda wasu ɗige-ɗige ke motsi cikin kawalwalniya.

"Shanu ne can. Gishiri suka zo lasa. Ka ga jar nan ta gaba mai ƙaho ɗaya a karkace? Wallahi tawa ce, ko 'yarta." Ya yi dariya, dariyar gaske. "Ka gani? Mun iso. Mota dai ta tafi, amma ko ƙwarzane ban yi ba."

Gaolatlhe ya cire rigarsa a hankali. Ya ɗaga ƙafafun daga kan gishirin ya ɗora a cinyarsa, ya lulluɓe su, ya juya jikinsa yadda tsohon ba zai gani ba. Hawaye na zuba a kan rigar, ya bar su.

"Me kake yi a nan?" in ji tsohon, bai ko juyo ba.

"Ba komai, Rra. Rana ce, kada ta dake su. Wacce ka ce taka ce?"